Wai da gaske masu kuɗi na ta guduwa Dubai? Amsa ga mai tambaya daga Kusuri

"Salamu alaikum Malam. Ina yi wa kawuna aiki a shagonsa nan Kusuri ta Kamaru, kayan gini muke sayarwa, siminti da rodi da kwano, wani mu tsallaka da shi Njamena. Kwanan nan wani bidiyo ke ta yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wai bincike ya nuna miloniyoyi 16,500 sun gudu daga Ingila a 2025 saboda haraji, 9,800 kuma sun koma Dubai, wai duk mai wayo yanzu can ya nufa. Kawu ya ɗauki maganar da zafi, har wani ejan na ta kiransa a kan takardar zama ta Dubai. Ni dai raina bai kwanta ba, wa ya ƙirga su? Don Allah Malam tunda lissafi aikinka ne, wannan binciken abin dogaro ne ko kuwa?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara wa kawu buɗi. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa wuri ɗaya, ta farko wa ya ƙirga mutanen nan kuma ta wace hanya, ta biyu ko da an ƙirga su daidai shin abin ya shafi mai siminti da rodi a Kusuri. Zan fi daɗewa a kan ta farko don nan ne fannina, ƙididdiga na karanta, na yi shekaru ina fita da yara masu cike takardun bincike a kasuwanni da unguwannin Garwa da Marwa, yanzu kuma ina riƙe wa wasu 'yan kasuwa littattafansu ina shirya musu takardun impo, wato haraji. Tun daga farko dai in gaya maka, rashin kwanciyar ranka yana da dalili, lambobin nan ƙiyasi ne babu wanda ya tsaya ya ƙirga kowa, kuma wanda ya buga ƙiyasin yana da hajar da yake tallatawa.

Daga ina lambar ta fito

Mai bidiyon bai ƙirƙiro su da kansa ba, suna nan a rubuce. Akwai wani kamfani Henley & Partners mai babban ofis a Landan, duk shekara wajen watan Yuni yake fitar da rahoto a kan ƙaurar masu kuɗi. A na 2024 suka ce miloniyoyi 128,000 za su sauya ƙasa a duniya, Chaina za ta ragu da 15,200, Ingila da 9,500, Indiya da 4,300, har maƙwabciyarmu Najeriya an rubuta mata 300, ita kuma Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wato su Dubai da Abu Dabi, za ta ƙaru da 6,700. A na 2025 ne suka ɗaga jimillar zuwa 142,000, suka ba Ingila 16,500 ɗin da ka gani, Daular Larabawa 9,800, Amurka 7,500.

Toh ka lura da abu ɗaya da bidiyon ya haɗiye. A tsakiyar shekara aka buga rahoton, yana faɗin abin da ake zaton zai faru kafin shekara ta ƙare, "za su tafi" aka rubuta, kafin maganar ta iso wayarka ta koma "sun gudu". Kuma lambar ragowa ce bayan an cire masu shigowa daga masu fita, ba sunayen mutane aka jera ba.

Sana'ar Henley kuwa ba ɓoyayyiya ba ce, su da kansu suke tallanta, suna taimaka wa mai kuɗi ya samu takardar zama ko fasfo na wata ƙasa ta hanyar zuba jari, sun yi aiki da ƙananan tsibirai irin su Sent Kits, kuma da hannunsu a tsara shirin fasfon Malta wanda kotun Tarayyar Turai ta yanke a Afrilun 2025 cewa ya saɓa doka. Ban ce don haka ƙarya suke yi ba. Amma ka je kasuwar shanu ta Adumri ka tambayi dillali ko yau ranar saye ce, me kake tsammanin zai ce maka? Wataƙila ma gaskiya ya faɗa, sai dai la'adarsa tana cikin amsar, dole ka leƙa kara da idonka. Duk labarin da ya ce manya na ta tattara kaya yana sa wanda bai tattara ba ya ji an bar shi a baya, wanda ya ji haka kuma shine yake ɗaga wayar ejan, kamar dai yadda kake gani a gidanku.

Yadda aka ce an ƙirga

A nan gizo ke saƙar. Ba Henley ke haɗa alƙaluman ba, daga wani ƙaramin kamfani suke karɓa a Afirka ta Kudu mai suna New World Wealth, shugaban bincikensa Andrew Amoils, kuma masu suka sun ce sun duba ba su ga wani ma'aikaci a fili ba in ban da shi. Ƙanƙantar kamfani ba laifi ba ce, mutum ɗaya yana iya aiki mai kyau, hanyar ce abin dubawa. Abin da suka bayyana shine suna da jerin masu kuɗi sama da 150,000 da suke bibiya, yawanci shugabannin kamfanoni da daraktoci da waɗanda suka kafa kamfani, suna duba inda mutum ya ce yana aiki a shafuka irin su LinkedIn, inda ma'aikata ke rubuta wurin aikinsu a intanet, da rajistar kamfanoni, in garin ya canza sai a ce ya ƙaura, daga nan a faɗaɗa lissafin a kan sauran miloniyoyin ƙasar da ba a gani ba.

Kowane mataki a nan yana da rami. Na farko, wanda ya rubuta Dubai a shafinsa ba lallai ya kwashe iyalinsa ba, wani ofis kawai ya buɗe, wani yana so a gan shi babba ne, wani kuma ya ƙaura shekara uku bai taɓa shafin ba. Na biyu kuma wanda ya fi damuna a matsayina na mai wannan aikin, mutanen da ke cikin jerin ba da ƙuri'a aka zaɓo su ba. A ƙa'idar ƙididdiga in kana so 'yan kaɗan su tsaya a madadin jama'a, dole kowa ya zama yana da damar faɗowa cikin zaɓin, shi ya sa in za mu yi bincike a unguwa muke fara zana taswira mu lissafa gidaje mu ja ƙuri'a, ba mu tsaya bakin titi mu tare wanda ya zo wucewa ba. Wanda ke sabunta LinkedIn kullum shine dama irin mutumin da ke yawo tsakanin ƙasashe, ma'aikacin banki, ɗan kamfanin fasaha, mai ba da shawara. Tsohuwar da ta gaji gidaje a wani ƙauyen Ingila, ko manomin da gonarsa ta kai miliyoyi, ba sa ciki kuma ba sa zuwa ko'ina. In ka auna masu yawo ka ninka a kan masu zama, dole lambar ta kumbura, kuma babu yadda za a yi wani daga waje ya san da nawa ta kumbura tunda jerin a rufe yake, ba a ba kowa ya duba ba.

Sai maganar wa ake kira miloniya. A wajensu shine mai dalar Amurka miliyan ɗaya ko fiye ta kuɗin da za a iya juyawa nan take, hannun jari da kuɗin banki da makamantansu, wato a kuɗinmu wajen sefa miliyan 550 zuwa 600 gwargwadon canji. Da wannan ma'aunin suka ce Ingila na da miloniyoyi wajen 602,500 a 2024. Bankin UBS na Suwizalan kuma, da yake yana haɗawa da gidan da mutum ke ciki, ya ce sun haura miliyan 3. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya, wannan ya ninka wancan sau biyar. Kaga ke nan kafin a zo maganar nawa suka tafi, ba a ma daidaita a kan nawa ne suke nan ba.

Kashi nawa cikin nawa

Wannan ita ce tambayar da nake koya wa duk yaron da ya fara aiki da ni, in an ba ka lamba ka ce cikin nawa. A watan Yunin 2025 wata ƙungiya mai suna Tax Justice Network ta yi wannan lissafin, ta ce ko da an yarda da 9,500 ɗin na 2024 yadda yake, in ka ɗora shi a kan miliyan 3 da ɗoriya na UBS kashi 0.3 ne cikin ɗari. Ni na ɗora shi a kan 602,500 ɗinsu na kansu, bai kai kashi 2 ba, na 16,500 kuma bai kai kashi 3 ba. A duniya baki ɗaya UBS ya ce miloniyoyi wajen miliyan 58 ne, 128,000 a cikinsu wajen kashi 0.2 ke nan, mutum biyu cikin dubu. Ƙungiyar ta kuma ƙirga labaran jaridu da na rediyo da talabijin da suka ɗauki maganar a 2024 ta samu sama da dubu goma, da yawansu suna cewa haraji ne ya kore su alhali hanyar binciken ba ta tambayi kowa dalilinsa ba. Adalci dai, ita ma wannan ƙungiyar tana da ɓangare, masu son a ƙara wa attajirai haraji ne, don haka ita ma da taka-tsantsan nake karanta ta, sai dai rabawar da ta yi kowa na iya maimaitawa da kalkuletar wayarsa.

Wanda ya fi jan hankalina shine aikin Dan Neidle, tsohon lauyan haraji a Landan mai cibiyar Tax Policy Associates, a 2025 ɗin dai. Shi ba ya cikin masu cewa babu wanda ke tafiya, asali ma yana ganin akwai masu tafiya, amma ya ɗauki teburan rahotannin na shekaru ya yi musu irin gwajin da muke yi wa takardun yaranmu. Bari in nuna maka yadda yake. In ka tura yaro ƙauye da takarda hamsin, rana ta yi zafi, wani sai ya samu inuwar darbejiya ya zauna ya cike rabi da kansa. In ya dawo ba sai na yi masa faɗa ba, lambar ƙarshe kawai nake bi, shekarun mutane, yawan awaki, kuɗin cefane, sai ka ga 30, 35, 40, 40, 45, 50, babu 37 babu 43, kuma duk gidajen sun yi kama da juna fiye da yadda gidajen gaske suke kama, don ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta iya ƙirƙirar hargitsi irin na duniya, kullum sai ta gyara. Neidle ya ce ya samu irin wannan alamar, lambobin ƙarshe sun karkata ga masu rabuwa biyu, irin su 2 da 4 da 6, fiye da yadda sa'a za ta kawo, sannan an sauya ma'anar dukiya an cire gidaje da filaye daga lissafi amma jimillar ba ta yi faɗuwar da ya kamata ta yi ba. Su masu rahoton sun kare kansu, kuma gwajin lambar ƙarshe shi kaɗai ba hujjar kama ɓarawo ba ce, yana iya fitowa daga yadda ake cike lamba a zagaye ta. Amma in na ga haka a takardun yarona, ba zan sa hannu ba sai an koma ƙauyen, a nan kuma babu ƙauyen da za a koma don ba a bayar da jerin ba.

Binciken da ya fi wannan tsayuwa

Akwai shi, sai dai ba ya daɗin bidiyo. Shine wanda aka yi da takardun haraji na gwamnati, inda kowane mai kuɗi dole ya rubuta inda yake zaune in ba haka ba ya shiga uku. Cristobal Young da abokan aikinsa a Amurka sun samu takardun harajin masu samun dala miliyan a shekara daga 1999 zuwa 2011, takarda wajen miliyan 45, suka buga sakamakon a 2016. Masu kuɗin kashi 2.4 cikin ɗari ne ke sauya jiha a shekara, jama'a gaba ɗaya kashi 2.9, talakawa kuwa wajen 4.5. Wato talaka ya fi mai kuɗi ƙaura, kuma wallahi wannan ko ba a yi bincike ba mu nan mun sani, wa ke cika motocin Duwala da jirgin ƙasan Ngaundere, ai ba masu tireloli ba ne, masu neman aikin gadi ne da turin baro. Dalilin da suka bayar ma ya zauna, mai kuɗi yawanci ya manyanta, yana da aure da yara a makaranta, kuma arzikinsa a ɗaure yake da wurin da aka san shi. Sun ga ɗan tasirin haraji, mafi yawa zuwa jihar Fulorida, amma kaɗan ne.

A Ingila ma an yi irinsa. Suna da wani tsohon tsari da ya bar baƙi masu kuɗi su zauna ba tare da biyan haraji a kan abin da suke samu a waje ba, mutum wajen 74,000 ke cin moriyarsa kafin a soke shi a 6 ga Afrilun 2025, kuma wannan sokewar ce asalin duk hayaniyar da kake ji. Tun 2017 an taɓa tsuke shi ga waɗanda suka yi shekara 15 cikin 20 a ƙasar, sai Arun Advani na jami'ar Warwick da Andy Summers na jami'ar LSE ta Landan da abokinsu suka bi takardun hukumar haraji suka ga me ya faru, wasu sun tafi amma mafi yawa nesa ba kusa ba sun zauna sun biya.

Kada kuma ka ɗauka ina cewa babu mai gudun haraji, ruwa ba ya tsami banza. Norwe ta ɗaga harajin dukiya zuwa kashi 1.1 a 2022, attajirinsu Kjell Inge Røkke ya koma Lugano a Suwizalan wasu suka bi shi, wannan ba jita-jita ba ce. Italiya tun 2017 ta ce baƙo mai kuɗi ya biya yuro 100,000 a shekara a kan duk abin da ya samu a waje a bar shi, ta ga ana zuwa ta ninka zuwa 200,000 a 2024. An kuma yi bincike a kan 'yan ƙwallon Turai aka ga su kam suna bin inda haraji ke da sauƙi sosai, musamman bayan dokar da Sifen ta yi a 2005 da ake wa laƙabi da sunan Beckham. Abin ba mamaki, ɗan ƙwallo irin su Eto'o jarinsa a ƙafarsa yake, duk inda ya sauka da shi ya sauka, shi kuwa mai masana'anta ba ya naɗe ta ya sa a jaka. Kuma mutum goma in manya ne sosai tafiyarsu tana iya yi wa baitulmali illa fiye da ta ƙananan miloniyoyi dubu, wanda shi ma wani rauni ne na ƙirga kawuna.

Shi ma wannan binciken mai kyau yana da iyakarsa, yana zuwa a makare kuma abin da ya faru jiya yake faɗa. Shekarar harajin Ingila a 5 ga Afrilu take ƙarewa, mutane kuma suna da har 31 ga Janairu mai zuwa su miƙa takardunsu, kaga takardun shekarar farko bayan sokewar ba sa cika a hannun hukuma sai ƙarshen Janairun 2027. Duk lambar da aka ba ka a Yunin 2025 an ba ka ita ne kafin takardar farko ta shiga.

Mu nan fa

In a Ingila mai rajistar komai abin ya zama haka, ka ƙiyasta namu. Kamaru shekara da shekaru da ƙidayar 2005 ake ta aiki, Chadi da ta 2009. Binciken gidaje da hukumomin ƙididdiga ke yi, ECAM a Kamaru ECOSIT a Chadi, yana da amfani sosai wajen auna talauci amma ba ya kama mai kuɗi, ni shaida ne. Ka isa ƙofar gidan, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa yace Alhaji ya yi tafiya, ka dawo gobe yace yana barci, in Allah ya taimake ka ka same shi bayan la'asar a kan darduma ƙofar gida sai a kawo maka shayi a yi ta gaisuwa, ka buɗe takarda ka tambayi abin da ke shigowa a wata yace Alhamdulillahi muna dai lallaɓawa, ka tambayi shanu yace 'yan kaɗan ne suna wajen yara a daji. Ba zai faɗa ba, kuma ban ga laifinsa ba, mutanen da kakanninsu suka sha jangali ba sa ƙirga saniya a gaban mai biro, balle yanzu da masu satar mutane ke neman jin wa ke da me.

Ko da ya faɗa ma, ma'aunin bai dace da shi ba. Na riƙe littafin mutumin da in aka haɗa abin da ya mallaka ya wuce dala miliyan nesa, amma a ina yake? Garke uku a hannun makiyaya, buhunan masara da albasa a sito, tireloli a hanyar Duwala zuwa Njamena, filaye rabinsu babu takardar mallaka, sai wani littafi mai baƙin bango cike da bashin da ke kan ƙananan 'yan kasuwa daga Marwa har Mundu, wanda shine rabin ƙarfinsa. Abin da ke banki ba ya wuce na biyan duwan, wato kwastan. A ma'aunin rahoton nan shi ba miloniya ba ne, bai san LinkedIn ba, in ya tashi ya koma Makka gobe babu teburin da zai motsa. Toh 300 ɗin da aka rubuta wa Najeriya su wa aka gani, su wa ba a gani ba?

Sannan ita kanta ƙaura. Alhajinmu uwargida na Garwa, amarya na Njamena, yara biyu na karatu a Alƙahira ɗaya a Turkiyya, azumi a Saudiyya yake yi, sau da yawa a shekara yana Dubai ko Guwanzu sayen kaya. Ina ya ƙaura? Ko ina, kuma ba ko ina ba. A Kamaru ma akwai ƙarin dalilin yin shiru, dokar ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda babba ya riƙe fasfo biyu ba, wanda ya samu na biyu ba zai yi shela ba.

Ƙaurar 'yan kasuwa da muka gani da idonmu kuwa ba impo ne ya kawo ta ba. Ku mutanen Kusuri kun fi ni sanin watan Fabrairun 2008 da yaƙi ya shiga Njamena mutane suka cika gadar Ngeli. Daga 2014 da Boko Haram ta kashe kasuwancin Banki da Amcide da Fotokol, manyan 'yan kasuwar wurin suka watsu Mora da Marwa da Garwa da wajenku. Daga Afrilun 2023 yaƙin Sudan ya turo wasu Adre da Abeche. Tsaro, hanya, asibiti, makarantar yara, su ke tayar da mai kuɗinmu, kuma yawanci ba ya nisa, yana matsawa ne inda zai iya hango kasuwarsa.

Abin da ke tafiya nesa shine kuɗin, mai shi yana zaune. Hukumar kasuwanci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta ƙiyasta a 2020 cewa wajen dala biliyan 88.6 ke sulalewa daga Afirka duk shekara ta ɓarauniyar hanya, shi ma ƙiyasi ne mai gardama a kansa amma an bayyana yadda aka yi shi, a wani ɓangare nasa ana kwatanta abin da ƙasa ta ce ta fitar da abin da mai saye ya ce ya karɓa. Wani bincike na cibiyar Carnegie a 2020 ya gano gidaje wajen 800 a Dubai masu alaƙa da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, kimanin dala miliyan 400, masu su kuwa suna Abuja ana ganinsu kullum a talabijin. Ko ta hanyar halal ma haka abin yake, a 2024 an ruwaito Dangote zai buɗe ofishin kula da dukiyar iyalinsa a Dubai, amma matatar man tana Legas, kamfanin simintin da wataƙila kuna sayar da kayansa yana Duwala. Mai ƙirga kawuna duk wannan ya wuce shi.

Maganar kawu

Ni ba lauyan shige da fice ba ne, kuma ban ga littafin shagonku ba, don haka ba zan ce ya yi ko kada ya yi ba. Takardar zaman Dubai ta shekara goma gaskiya ce, tun 2019 ake bayar da ita, hanyar da aka fi bi ita ce sayen gida na dirhami miliyan 2, wato sama da sefa miliyan 300, kuma izinin zama ne kawai ba zama ɗan ƙasa ba. Ga wanda ke zuwa sayen kaya a kai a kai tana iya rage masa wahalar biza, wannan amfani ne na gaske. Amma in don gudun impo ne, ba za ta cire masa komai ba muddin shagon na Kusuri, patanti, wato kuɗin lasisin sana'a, na nan, harajin saye na TVA kashi 19.25 na nan, duwan na nan a bakin gada, kuma a tsarin da ƙasashenmu suka gada daga Faransa ana duba inda iyalinka suke da inda kake sana'a da inda tushen dukiyarka yake, ba katin da ke aljihunka ba. Can ɗin ma ba kyauta ba ce gaba ɗaya, babu haraji a kan albashi amma akwai kashi 5 a kan saye tun 2018, da kashi 9 a kan ribar kamfani tun Yunin 2023.

Ka same shi a natse, kada ka ce masa an yaudare shi, babba ba ya son jin haka daga ɗan 'yar uwarsa. Ka ce Kawu mu tambayi ejan ɗin nawa ne la'adarsa kuma wa ke biyansa, mu ko mai gidan da za a saya, sannan mu lissafa in aka zare miliyan 300 daga jari tirela nawa ta siminti za ta daina zuwa a shekara, su wa cikin masu karɓar kaya bashi za su koma wajen maƙwabci. Kuma tun dokar canjin kuɗi ta CEMAC, ƙungiyar ƙasashenmu na tsakiyar Afirka masu sefa, da ta fara aiki a Maris 2019, fitar da irin wannan kuɗin don sayen kadara a waje sai ta banki da takardun shaidar inda aka samo shi, yana iya kaiwa har ga neman amincewar BEAC, babban bankin ƙasashen, in ejan yace yana da wata gajeriyar hanya ta hannun 'yan canji to ku san gidan da za a saya babu takardar da za ta nuna da kuɗin wa aka saye shi. Ya fara zama da manajan bankinsa da wanda ke riƙe masa littafi kafin ya tura wa kowa ko dala.